Kama Da Wane Ba Ta Wane: Abin Da Ke Baƙanta Ganyen Shuka A Minna

Kowace shekara idan marka ta kankama a Minna, watau daga watan Agusta zuwa ƙarshen Satumba, akwai wani kuka guda da ba ya barin bakin masu shuke-shuke, tun daga mai tukunyar fulawa ɗaya tak a baranda har zuwa mai gindin mangwaro ko lemo a tsakar gida. Kukan kuwa shi ne ganye ya yi baƙi. Abin da akasarin mutane kan yi da ganin haka shi ne su nufi kasuwa su sayo maganin feshi, duk wanda mai kanti ya miƙo musu, su zo su yi wa shukar wanka da shi. Wani ya dace ta farfaɗo, wani kuwa ya wayi gari ya tarar maganin ya ƙarasa abin da ciwon ya fara.

Dalilin wannan hasara a fili yake. Baƙin ganye alama ce kurum, kamar yadda zafin jiki yake alama ga ɗan Adam. Mai zazzaɓin cizon sauro jikinsa kan yi zafi, mai taifot ma haka, mai ƙyanda ma haka, amma babu likitan kirki da zai ba su magani iri ɗaya. To, haka abin yake ga tsirrai. Akwai aƙalla abubuwa bakwai da kan mai da koren ganye baƙi, kuma abin da ke warkar da ɗaya yakan ƙara tsananta ɗaya. Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane.

Babu shukar da ta fi nuna gaskiyar wannan karin magana kamar furen nan da ake kira okid, wanda masu sha'awa kan sayo da tsada su ajiye a falo ko ofis. Shi wannan fure ba ya ɓoye ciwonsa, kuma ba ya jure kuskure. Wanda ya iya karanta ganyen okid zai iya karanta na mangwaro da lemo, har ma da na doya a gona, domin maƙiyan nasu kusan ɗaya ne.

MENE NE OKID?

Okid sunan wani babban dangi ne na tsirrai masu fure, wanda masana suka ƙidaya irinsa wajen 28,000 a duniya. Banila da ake sa wa kek da askirim don ƙanshi 'ya'yan wani okid ne, kuma tsibirin Madagaska shi ne kan gaba wajen nomanta. Afirka ta Yamma ma tana da nata. Cikin shekarar 1841 wani Bature mai aikin lambu, John Ansell, wanda ya biyo ayarin Ingilishi da ya hau kogin Kwara a wannan shekara, ya tsinci wani okid mai fure rawaya da ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa a tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko. Cikin 1844 masanin tsirrai John Lindley ya raɗa masa suna Ansellia don tunawa da shi. Ana samun wannan iri a bisa itatuwa a ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya.

Amma wanda aka fi sayarwa don ajiyewa a ɗaki shi ne Falenofsis, mai faffaɗan ganye da fure kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fikafikai. Asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, irin su Filifin da Indonesiya, ko da yake yanzu a Taiwan da Holan ake renon miliyoyinsa a aika ƙasashen duniya. A can gidansu ba ya tsira a ƙasa. Yana manne ne a jikin itace, sai dai ba kamar kauci ba, shi ba ya shan kome daga itacen, wurin zama kawai yake ara. Saiwarsa a waje take, ruwan sama ya jiƙa ta, iska ta busar da ita kafin yini ya raba. Ganyensa yana ƙarƙashin inuwar manyan rassa. Har ila yau a karkace yake zaune, saboda haka ruwa ba ya kwanciya a ƙirjinsa inda sabon ganye ke fitowa.

Duk wanda ya riƙe waɗannan abubuwa uku, watau iska ga saiwa, da inuwa ga ganye, da rashin kwanciyar ruwa a ƙirji, ya riga ya san rabin abin da ke kashe shi a cikin ɗaki. Daɗin daɗawa, ganyen Falenofsis ba ya wuce huɗu zuwa shida bisa galibi, kuma a shekara ɗaya ko biyu yake ƙarawa. Idan ganye guda ya lalace, aikin shekara guda ke nan ya tafi.

YANAYIN MINNA

Minna, wadda ta zama hedkwatar Jihar Neja cikin 1976, tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,200 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba. Ƙasa ce mai albarka ga shuka, amma kowane lokaci na shekara yana da irin baƙin da yake kawowa. Da bazara, musamman cikin Maris, zafi kan doshi digiri 40 na ma'aunin santigiret, lokacin ƙunar rana ke nan. Da damina iska kan cika da laima, dare da rana ganye ba ya bushewa, lokacin ruɓa ke nan. Da hunturu kuwa iska ta bushe ƙayau, ƙura ta rufe ganye, bakinsa ya riƙa ƙonewa. Don haka tambayar farko da ya kamata mai shuka ya yi wa kansa ita ce, cikin wane wata ne baƙin ya bayyana, kuma me aka sauya wa shukar kafin nan? An matsa da ita kusa da taga ne, ko an ƙara mata ruwa, ko an zuba mata taki?

GWAJI HUƊU KAFIN A TAƁA MAGANI

Bayan wannan tambaya akwai gwaje-gwaje huɗu waɗanda ba su bukatar ko kwabo.

Na farko, a jiƙa tsumma ko auduga a goga a kan baƙin. Idan ya gogu, koren ganye ya fito lafiyayye daga ƙarƙashi, to ciwon a bisa fata yake, bai shiga nama ba.

Na biyu, a taɓa wurin da yatsa, kuma a sansana. Baƙin da ke da laushi, yana tsatsafo da ruwa, dabam yake da wanda ya bushe kamar takarda. Idan har yana wari, to magana ta yi nisa.

Na uku, a zagaye baƙin da biro, a bar shi kwana biyu. Wanda ya tsallake zanen yana da rai, yana ci gaba da ci. Wanda ya tsaya inda aka bar shi tabo ne na abin da ya riga ya wuce.

Na huɗu, a zare shukar daga tukunya a duba saiwa. Lafiyayyar saiwar okid tana da tauri, kore ce idan ta jiƙe, fara-fara kamar azurfa idan ta bushe. Wadda ta ruɓe kuwa ta yi duhu ta yi taushi, da an ja ta sai rigarta ta saɓule ta bar zare a tsakiya. Sau da yawa ana ta kallon ganye alhali ɓarnar tana can cikin tukunya.

BAƘIN DA KE GOGUWA

Baƙin da ya fi tsoratar da mutane shi ne ya fi sauƙin magani. Shi ne wanda ke rufe ganye gaba ɗaya kamar kunkunniyar ɗakin girki, wanda ake yawan gani a kan mangwaro da lemo da gwaiba a unguwanni irin su Bosso da Tunga da Maitumbi. Wata irin funfuna ce, amma ba ganyen take ci ba. Abin da take ci shi ne wani ruwa mai zaƙi da danƙo da ƙananan ƙwari masu tsotson ruwan shuka suke kasayarwa. Manoman dawa da wake sun san wannan danƙo tun kaka da kakanni, shi ne darɓa. Wasu ƙwarin farare ne masu gari a jiki kamar guntun auduga, wasu kuma suna manne kamar 'yar ƙwarya a kife, kuma a bayan ganye suke ɓuya. Alamar da ba ta ƙarya ita ce tururuwa da kiyashi suna hawa da sauka a jikin shukar, domin su ke kiwon waɗannan ƙwari su kare su daga maƙiyansu, kamar yadda makiyayi ke tsaron shanunsa saboda nono.

Ɓarnar wannan baƙi ita ce tare haske. Da hasken rana ganye ke haɗa wa shuka abinci, idan aka lulluɓe shi sai shukar ta rame, fure ya ƙi fitowa, 'ya'ya su ragu.

Afirka ta Yamma ta ɗanɗana wannan masifa a zahiri. Wajen shekarar 1981 zuwa 1982 wani farin ƙwaro ɗan asalin kudu maso gabashin Asiya ya ɓulla a Togo da Gana, sa'an nan ya bazu zuwa Binin da Nijeriya da sauran maƙwabta. Ya far wa mangwaro da lemo, itatuwa suka yi baƙi ƙirin, 'ya'ya suka yi ƙaranci, hatta zaman inuwa ya gagara saboda danƙon da ke ɗiga a kan mutane. Jama'a suka yi ta feshi a banza, wasu suka yi ta sare itatuwan da iyayensu suka dasa. Sai cikin 1986 ne ma masana suka tantance ƙwaron suka ba shi suna.

Maganin da ya yi aiki bai zo cikin kwalba ba. Masu bincike sun tafi Indiya suka samo wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro, wanda bai fi ƙwayar gero ba, ba ya kuma harbin mutum. Aikinsa shi ne ya saka ƙwansa cikin jikin farin ƙwaron, ɗan ya ƙyanƙyashe ya cinye shi daga ciki. An fara sakinsa a Togo cikin 1987, daga bisani Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasashe Masu Zafi, watau IITA, wadda aka kafa a Ibadan cikin 1967, ta yaɗa shi zuwa sauran ƙasashe daga reshenta na Kwatano. Cikin 'yan shekaru itatuwa suka komo kore. Wani nazari da aka buga cikin 2002 ya nuna cewa a ƙasar Binin kaɗai, duk kuɗi ɗaya da aka kashe kan wannan aiki ya jawo amfanin 145.

A kan okid da sauran shukokin tukunya abin bai kai haka wahala ba. A goge ƙwarin da auduga da aka tsoma cikin sifirit, a wanke ganye da ruwan sabulu marar ƙarfi, sama da ƙasa, a maimaita bayan mako guda har sau uku, domin ƙwai kan ƙyanƙyashe daga baya. Man darbejiya ma yana taimakawa idan aka fesa da yamma. Da ƙwarin sun tafi, baƙin zai bushe ya kakkaɓe da kansa.

RUƁAR DAMINA

Baƙin da ya kamata a ji tsoro shi ne mai laushi da ke tsallake zanen biro. Abu biyu ne ke kawo shi.

Na farko wata halitta ce mai kama da funfuna, wadda wani masani Bajamushe, Anton de Bary, ya raɗa wa suna Fitoftora cikin 1876, ma'ana mai hallaka tsirrai. Bai yi ƙarin gishiri ba. Wata 'yar wannan dangi ce ta ruɓar da dankalin ƙasar Ailan tun daga 1845, har yunwa ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wasu kamar haka kuma suka yi ƙaura. Manoman dankalin Turawa a Jihar Filato sun sha fama da ita. Wata 'yar'uwarta ce ke baƙanta 'ya'yan koko a kudancin ƙasar nan, wata kuma ta ƙone ganyen gwaza a Nijeriya daga 2009.

Asirin wannan halitta shi ne ruwa. 'Ya'yanta, waɗanda ido ba ya gani, suna da wutsiya, kuma iyo suke yi cikin ruwan da ya kwanta a kan ganye ko a gindin tukunya har su sami wurin shiga. Inda babu ruwa a kwance ba su da hanya. A jikin okid takan fara da ɗan tabo mai duhu, wani lokaci da rawaya a gefensa, ya yi ta faɗaɗa yana gangarawa zuwa ƙirji, ko kuma ta taso daga ruɓaɓɓiyar saiwa ta hau sama. Idan ta isa ƙirjin Falenofsis magana ta ƙare bisa galibi, domin wuri ɗaya tak yake da shi na fitar da sabon ganye.

Na biyu ƙwayoyin bakteriya ne. Nasu tabon yakan fara kamar an ɗiga wa ganye mai, ya yi ruwa-ruwa, sa'an nan ya yi baƙi, sau da yawa da ɗoyi. Cikin zafi da laima suna iya narkar da ganye sukutum cikin kwana biyu ko uku. Ta rauni suke shiga, ko inda ƙwaro ya ciza, ko inda ganye ya karye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ko wanne ne daga cikin biyun, aikin gaggawa iri ɗaya ne. A ware shukar daga sauran. A ƙona bakin sabuwar reza ko wuƙa a wuta, a bari ta huce, a yanke ganyen kamar inci ɗaya cikin lafiyayyen wuri, ba daidai bakin baƙin ba. A barbaɗa garin kirfa a bakin yankan don ya bushe, amma kada a sa shi a saiwa, domin yana busar da ita. A ƙone abin da aka yanke, kada a jefa shi gindin wata shuka. Sa'an nan a daina ba da ruwa na wasu kwanaki, a ajiye tukunyar inda iska ke kaɗawa.

Idan saiwa ce ta ruɓe, sai a datse matattun, a sake wa shukar wurin zama. Okid ba ya son ƙasa ko taki na gargajiya a tukunya. Abin da yake so shi ne ɓawon itace, da gutsattsarin gawayi da aka wanke, da ɓawon kwakwa, cikin tukunya mai huji da yawa. Waɗanda ake shigowa da su daga waje sukan zo cushe cikin wani gansakuka mai riƙe ruwa kamar soso. A ƙasa mai sanyi da bushewar ɗaki wannan yana da amfani, amma a markar Minna tarko ne. Ruwa kuma da safe ake ba shi, a gindi, kuma sai abin da ke cikin tukunya ya kusa bushewa. Idan ya shiga ƙirji a tsane shi da auduga nan take.

ƘUNAR RANA, SANYI DA TAKI

Baƙin da ya bushe, ya kuma tsaya cikin zanen biro, mafi yawa ba cuta ba ce, ƙuna ce. Shukar da ta saba da inuwa idan aka ajiye ta a taga mai fuskantar yamma cikin watan Maris, sa'o'i kaɗan sun isa rana ta dafa ganyen. Wurin yakan fara yin fari ko rawaya, sa'an nan ya yi baƙi ya lotsa, kuma a gefen da ke kallon rana kaɗai ake ganinsa. Gwajin mai sauƙi ne: a taɓa ganyen da tsakar rana, idan ya yi ɗumi a hannu to hasken ya yi yawa. A matsa da tukunyar ko a saki farin labule. Tabon ba zai tafi ba, amma ba a bukatar yanke ganyen muddin bai yi laushi ba, domin sauran koren yana nan yana aiki.

Sanyi ma yana ƙuna. Falenofsis ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 29. Idan aka ajiye shi daidai inda iyakwandishan ke hurowa, busasshiyar iskar nan mai sanyi takan sa ganye ya yi ramuka-ramuka waɗanda daga baya suke duhu.

Sai kuma baƙin da ke farawa daga tsinin ganye yana komowa baya a hankali. Wannan yawanci gishirin takin zamani ne ya taru cikin tukunya, ko kuwa na ruwan wata rijiyar burtsatse. Akan ga farin ɓawo a bakin tukunyar, tsinin saiwa kuma ya ƙone. Okid ɗan kaɗan yake ci, rubu'in abin da aka rubuta a jikin kwalin taki ya ishe shi. Sau ɗaya a wata a kwarara masa ruwa mai yawa ya wanke tukunyar ya fice ta ƙasa. Ruwan sama da aka tara cikin mazubi mai tsabta ya fi kowane ruwa dacewa da shi. A nan ne mai tausayi kan yi ɓarna, ya ga ganye ya yi baƙi ya ce yunwa ce, ya ƙara taki, garin neman gira a rasa ido.

ƊIGO-ƊIGO DA CIWON DA BA SHI DA MAGANI

Akwai kuma wata funfuna ta ainihi mai sa baƙaƙen ɗigogi masu lotsawa, wani lokaci da zobe-zobe a cikinsu. Ita ce ke sa baƙin tabo a jikin nunannen mangwaro da gwanda. Ita ce kuma ke ƙona ganyen doya da damina, musamman doyar ruwa, har gona ta yi baƙi kamar wuta ta bi ta kai. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga jihar da kasuwannin doyarta irin na Paiko da Gwada suke ciyar da garuruwa masu nisa, a ƙasar da ke noma wajen kashi biyu cikin uku na doyar duniya. Fantsamar ruwan sama ce ke ɗauke ta daga ganye zuwa ganye, kuma ta fi kama shukar da ta riga ta galabaita. A kan okid akan cire ganyen da ya kamu, a ba da tazara tsakanin tukwane, a daina jiƙa ganye. A nan ne maganin funfuna ke da amfani.

Na ƙarshe shi ne bairos. Alamarsa zane-zane ne ko ɗigogi baƙaƙe da rawaya a ganye da yawa, tsofaffi da sababbi, shukar kuma ta ƙi ci gaba kome kulawar da aka yi mata. Ido kaɗai ba ya tabbatar da shi sai an gwada a ɗakin bincike, kuma babu feshin da ke warkar da shi. Hanyar da ya fi bi ita ce bakin wuƙa ko almakashi da aka yanka wata shuka da shi aka zo aka yanka wata. Shi ya sa ƙona bakin ƙarfe tsakanin shuka da shuka ya zama wajibi. Wadda aka tabbatar ta kamu, ƙone ta ya fi alheri ga sauran.

HAƊARIN FESHI BARKATAI

Daga bayanin da ya gabata mai karatu zai ga cewa cikin waɗannan abubuwa bakwai, kaɗan ne ke jin maganin kanti. Maganin ƙwari ba ya taɓa funfuna. Maganin funfuna da yawa ba ya taɓa Fitoftora, domin ita ba funfuna ce ta ainihi ba, tana da nata magunguna irin Ridomil da manoman koko suka sani. Magungunan da ke da tagulla a ciki suna rage bakteriya, amma suna ƙona wasu irin okid. Ƙunar rana da ta taki da bairos kuwa babu ruwansu da feshi ko kaɗan. Bugu da ƙari, feshin maganin ƙwari mai ƙarfi a kan mangwaro yakan kashe ƙananan zanzaron nan masu taimako tun kafin ya kashe farin ƙwaron, wanda garin jikinsa ke kare shi. Bayan 'yan makonni sai baƙin ya komo fiye da dā.

Abin da ya fi wannan muni shi ne lafiyar mutanen gida. Akwai masu ɗauko fiya-fiya su fesa wa shukar da ke cikin falo, inda yara ke wasa, ake kuma cin abinci. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya, watau daikulobos, dafi ne da ke shiga jiki ta numfashi da ta fata. Saboda samunsa fiye da kima a cikin wake ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya cikin 2015, kuma cikin 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Babu furen da darajarsa ta kai a sa numfashin yaro cikin haɗari. Idan feshi ya zama dole, a fitar da tukunyar waje, a rufe hanci da hannu, a bi ma'aunin da ke jikin kwalba, a kuma bari ya bushe kafin a mai da ita ciki.

INA ZA A KAI KUKA?

Mutanen Minna ba su rasa wurin tambaya ba. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a garin cikin 1983, mai mazauni a Bosso da Gidan Kwano, tana da makarantar koyon aikin gona. Akwai malaman gona na jiha. A Ibadan akwai Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, watau NIHORT, wadda aka kafa cikin 1975, tana kuma da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Wanda zai kai samfur ya yanko ganyen tare da iyakar da baƙi ya haɗu da kore, domin a nan ne mai ɓarnar yake da rai. Ya naɗe shi cikin takarda, ba leda ba, don kada ya ruɓe a hanya. Ya kuma ɗauki hoton shukar gaba ɗaya da wayarsa, da wurin da take zaune.

Akwai kuma wani nauyi da ya rataya a wuyan masu sha'awar furanni. Manyan ƙwarin da suka addabi gonakin Afirka da yawa a jikin tsirrai suka shigo. Farin ƙwaron rogo, wanda ya ɓulla a yankin Kwango cikin 1973 ya kusa durƙusar da noman rogo a nahiyar, daga Kudancin Amurka ya zo. Sai da aka sako masa nasa zanzaron a Nijeriya cikin 1981 kafin aka shawo kansa, aikin da ya sa aka ba Hans Herren Lambar Abinci ta Duniya cikin 1995. Saboda irin wannan ne doka ta ce sai da izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa ake shigo da tsiro mai rai. Wanda ya ɓoye ɗan reshe cikin akwati daga ƙasar waje bai san abin da ya ɗauko wa maƙwabtansa manoma ba. Ko a cikin gari aka sayo sabuwar shuka, ya kyautu a ware ta wata guda ana duba bayan ganyenta kafin a haɗa ta da sauran.

Marka za ta sake sauka baɗi in Allah ya kai rai, ganye kuma zai sake yin baƙi a wasu gidaje. Wanda ya ga haka ya fara ɗauko tsumma da biro, ya duba saiwa, ya tuna watan da ake ciki. Sau da yawa zai tarar abin da shukarsa ke nema bai wuce a matsa da ita daga taga, ko a rage mata ruwa, ko a wanke mata ganye ba. Kuɗin maganin sai ya tsaya a aljihunsa, itacen da ya so sarewa kuma jikokinsa su sha inuwarsa.